Yadda Za Ka Burge Surukinka a Bakin Ƙorama Ba Tare da Ka Iya Fatsa Ba

Kai da ka auri 'yar masunci a tsaunukan Sikotland, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, kafin Lahadi surukinka zai kira ka ɗansa. Na gwada su a kan maƙwabcina Torquil, ɗan birni, wanda surukinsa, tsoho Murdo, ya shekara uku yana kiransa "mijin Ishbel" kawai.

1. Sa kaya. Takalmin roba har ƙirji, da hula. Kifin tirawut bai san ka ba, amma surukinka na kallo.

2. Kada ka ambaci tana. A nan gashin tsuntsu ake ɗaura wa ƙugiya ta yi kama da ƙwaro. Torquil ya taɓa tambaya ko a haƙo tana, Murdo ya yini bai tanka masa ba.

3. Wurga zare. Zai maƙale a bishiya, ba makawa. Tsaya ka ƙura wa reshen ido, ka ce iska kake aunawa. Masana sun ce wanda bai kama bishiya ba bai fara fatsa ba. Ni ne masanan.

4. Yi ƙarya da ladabi. Al'adarmu in ka kama, ka mayar ruwa. Madalla da al'ada! Ɓuya bayan dutse, ka jiƙa hannu, ka dawo kana cewa ka saki wani ƙato.

5. Don Allah kada ka kama komai. Nan Torquil ya kwafsa. Tsautsayi ya sa wani ƙaton tirawut mai yagaggen baki ya haɗiye ƙugiyarsa a ƙarƙashin gada. Murna ta kwashe shi, ya buge kan kifin, ya kai wa surukarsa ta soya da man shanu.

Da aka ajiye faranti, Murdo ya daɗe yana kallon bakin kifin.

"Shekara shida ina kama shi ina saki," in ji shi. "Mun saba."

Torquil ya ce, "Baba, a yi haƙuri, ban sani ba."

Tsohon ya gutsira, ya tauna a hankali.

"Ashe haka yake da daɗi, ɗan banza. Ɗana, miƙo gishiri."

Gargaɗi: marubuci ba shi da hannu in ƙugiya ta kama kunnenka, ko in naka surukin ya fi son kifinsa da kai.