Yadda Na Share Lambun Baba Saja

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na kusa rasa matar aure saboda tsintsiya ba. Eh, tsintsiya dai, wadda ake shara da ita. Har yau in na ga an jingine ta a bango sai in ji gumi ya tsatso mini a bayan wuya.

Ni ɗan Zuru ne, amma a lokacin da suna kawai. Mahaifina soja ne, a bariki aka haife ni, a bariki na yi wayo. Abin da na tashi na iya shi ne shara. Kowace Asabar ana zagayen duba tsafta, in aka ga ganye ɗaya a ƙofar gidanku mahaifinku ne zai sha faɗa, shi kuma ya dawo ya sauke a kanku. Fartanya kuwa ban taɓa riƙe ta ba sai a hoto. Da na gama karatu aka turo ni gida koyar da kimiyya a wata sakandare, a nan na haɗu da Rahila a ƙungiyar mawaƙan coci (ita tana waƙa, ni ina motsa baki).

Mahaifinta tsohon soja ne, kowa Baba Saja yake ce masa. Mutum ne da in ya dube ka sai ka fara tuno laifuffukan da ka yi tun kana firamare. Ranar da kawuna ya je nema mini aure, Baba Saja ya saurare shi tsaf, sannan ya ce, "A zamaninmu golmo muka yi. Shekara bakwai ina noma a gonar surukina kafin a ba ni uwar yarinyar nan. Shi wannan naku, mi ya iya?" Golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa iyayen budurwa a ƙasarmu kafin a ba shi ita. Kawu ya ce ai yaro malamin makaranta ne. Baba Saja ya ce, "To. Za mu gani." Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Wata biyu ina yawo da wannan "za mu gani" a ƙirjina.

Cikin watan Afrilu, muna hutun makaranta, aka ce za a yi masa aikin ido a Sakkwato, kuma Rahila da mahaifiyarta za su raka shi, sati uku. Ana gobe za su tafi ya aika a kira ni. Ya ja ni bayan gida, inda yake da ɗan lambu wanda bai fi girman ɗaki biyu ba: kunya biyu ta tumatir, ɗaya ta attarugu, sai alayyafo da 'yar kuɓewa a gefen rijiya. A wannan zafin da ko akuya ba ta fita da rana, lambun nan kore shar.

Ya miƙo mini makullin ƙofar baya ya ce, "Ruwa da asuba, ruwa da yamma. Shi ke nan. In na dawo na same su da rai, sai mu yi maganar da kawunka ya kawo."

Na ce, "An gama, Baba." Har da ɗan ƙamewa.

Kwana biyun farko na bi umarni. A na uku ne shaiɗan ya zo mini ta ƙofar da ya san ina da rauni. Na tsaya na ƙare wa lambun kallo, sai na ga ashe ƙazanta ce zalla. Ko'ina busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa, an zube su har gindin shuke-shuken. A sama kuma wata ruɓaɓɓiyar rumfar kara ta karkace tana tare rana. Na ce a raina, Allah sarki tsufa, ido ya hana bawan Allah ganin datti. Ga ni kuma malamin kimiyya, na sha koya wa yara cewa da hasken rana tsiro ke dafa abincinsa. Na ce yau zan nuna wa tsohon soja cewa ɗan bariki ne zai auri 'yarsa.

Na ɗauki tsintsiya. Na share lambun nan tas har ƙasa ta fito fes kamar tsakar gidan amarya. Na sauke rumfar, na tara komai a lungu na cinna masa wuta. Ban tsaya nan ba, na tsinto duwatsu na jera a gefen kowace kunya, na shafa musu farar ƙasa (wallahi har ja da baya na yi ina kallo, ina jinjina wa kaina).

Maƙwabciyarsu Mama Talatu, wata tsohuwa mai sayar da daddawa, ta leƙo ta saman katanga da ta ga hayaƙi.

"Malam, mi kake yi haka?"

"Gyara nake, Mama."

"Shi mai lambun ya ce ka gyara?"

"A'a, so nake in ba shi mamaki."

Ta dubi ƙasar, ta dubi rana, ta dube ni. Ta ce, "Lalle zai yi mamaki." Ta sauka. Ni kuwa na ɗauka yabo ne.

Washegari da azahar na leƙa, na tarar ganyen tumatir duk sun langaɓe. Ƙasar da na shayar da asuba ta bushe ƙayau, har ta fara tsagewa, in ka taka ta ba takalmi sai ka yi tsalle. Na ruga rijiya na jawo ruwa na sheƙa musu a tsakiyar ranar nan, abin da Baba bai ce in yi ba. Kafin la'asar ruwan ya ƙafe kamar ban zuba ba. Na koma sau uku a rana, na koma sau huɗu. Igiyar guga ta sale mini tafin hannu, rijiyar kuma kullum ƙara nisa take, har na fara jawo laka. Alayyafo ne ya fara tafiya, ya kwanta bai sake tashi ba.

Abinci ya daina shiga. Ina zaune a coci ana wa'azi, ni ina lissafin ganye nawa suka rage a kunyar attarugu. In gajimare ya ɗan gilma sai in tsaya ina kallonsa baki buɗe, ya wuce abinsa ya bar ni. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, irin wanda ke sa mutum ya riƙa zuwa bayan gida ba dalili.

Kullum da yamma Rahila sai ta kira. "An yi aikin lafiya. Baba yana tambayar tumatirinsa."

"Suna nan lafiya lau. Ki ce masa har sun fi da kyau."

Ina faɗar haka ina tsaye a kansu, suna mutuwa a gabana.

A sati na biyu kimiyya ta sake ba ni shawara: yunwa ce ke damunsu. Na sayo takin zamani, farin nan mai kama da gishiri, na zuba wa kowane tsiro cikin tafi a gindinsa, a busasshiyar ƙasa, da rana tsaka. Kwana biyu aka yi, ganyen suka ƙone ƙurmus kamar an bi su da ashana. Kuɓewa biyu ce kawai ta rage a tsaye, ita ma don taurin kai.

Saura kwana uku su dawo. Mai hankali da sai ya ɗauki waya ya faɗi gaskiya. Ni kuwa na ari babur na nufi ƙauyen Manga, don an ce mini akwai masu lambu a bakin rafi. Na sami wani dattijo siriri yana ban ruwa, lambunsa rufe da ciyawa da rumfunan kara sak irin waɗanda na ƙone (a nan ne jikina ya fara gaya mini wani abu). Na ce ina son tumatir da attarugu, manya, waɗanda suka yi fure.

Ya ce, "Ɗana, tsiron da ya yi fure ba ya son tashi. Lambun wa za ka kai su?"

Na ce, "Nawa ne."

Na dage har ya gaji. Ya haƙo su da ƙasarsu, ya sa kowanne a baƙar leda. Attarugunsa bai yi girma ba, sai ya ba ni tattasai, na ce ai duk ɗaya ne, ganye ganye ne. Da zan tafi ya ce, "Ka cire ledar kafin ka dasa, ka ji ko?"

Na ji. Amma da na cire ta farko sai ƙasar ta wargaje a hannuna, saiwar ta fito tsirara, tsiron ya sunkuyar da kai nan take. Na ce ba da ni ba. Sauran duka na binne su da ledarsu. Don kada bakin ledar ya fito kuma, na yawata unguwa na tattaro busasshiyar ciyawa na lulluɓe kunyoyin da ita. Ka ga ikon Allah: ciyawar da na ƙone don neman suna, ita na dawo ina roƙo don rufin asiri. Mama Talatu tana saman katanga tana kallo.

Ranar Asabar suka iso. Kafin la'asar gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, dangi daga Dabai, tsofaffin sojoji, matan zumunta na coci. Baba Saja na zaune da baƙin tabarau yana ba da labari. "Ido ya buɗe. Yanzu ko allura ta faɗi a ƙasa ina ganinta." Kowa ya ce mun gode Allah. Ni ma na faɗa, amma Allah ya gafarta mini, a can ƙasan zuciyata na so a ce idon bai gama buɗewa ba sai bayan biki.

Sai ya miƙe ya ce, "Malam, mu je mu ga aikinka." Ai kuwa rabin gidan suka biyo mu.

Ya tsaya a bakin lambun ya cire tabarau. Ya dubi fararen duwatsuna, ya ɗaga kai ya dubi inda rumfa take a da. Ya taka a hankali, hannu a baya, kamar mai duba fareti. Ya tsaya a kunya ta uku.

"Ikon Allah," in ji shi. "Attarugu na shuka a nan. Na je Sakkwato na dawo ya zama tattasai."

Na hau sosa ƙeya.

Ya sunkuya ya kama wani tumatir da yatsu biyu, ya ɗan ja. Bai ko sa ƙarfi ba. Tsiron ya taso gaba ɗaya, baƙar leda na reto a gindinsa kamar an sayo tsire. Ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

Sai wata murya daga baya ta ce, "A'a! Ɗana, ban ce ka cire ledar ba?"

Na waiga. Dattijon Manga ne, da hularsa ta zuwa gaisuwa. Ashe abokin Baba Saja ne tun suna samari, tare suka yi golmo. Duk lambunan da ke ƙasar Zuru, nasa na zaɓa. Mama Talatu ce ta fara fashewa da dariya daga saman katanga, sauran suka ɗauka. Rahila ta ja gyale ta rufe fuska ta shige ɗaki. Na dubi rijiyar nan, wallahi da akwai ruwan kirki a ciki da na yi tunanin faɗawa.

Na durƙusa na faɗi komai: tsintsiya, wuta, taki, babur. Baba Saja bai yi dariya ba. Ya bari aka yi shiru, sannan ya ce, "Ciyawar da ka share, rigar ƙasa ce. Kai in aka tuɓe ka aka tsayar a ranar nan, kwana nawa za ka yi?" Ya jefar da tsiron a gabana. "Rana ta kashe lambu, wannan ba komai ba ne, ni ma ta sha kashe mini. Da ka faɗa a waya, da na ce ka mayar da ciyawa, da sun tashi. Amma kullum lafiya lau, lafiya lau. To gaya mini, ran da 'yata ta kwanta ciwo a gidanka na kira ka, mi za ka ce min?"

Wannan tambayar ta fi dariyar mutane zafi. Na sunkuyar da kai, na san na rasa Rahila, kuma ba rana ce ta ja mini ba.

Dattijon Manga ne ya cece ni. Ya kama hannuna ya juya tafin ya nuna wa Baba Saja inda igiyar guga ta sale. Ya ce, "Saja, yaron nan wawa ne, amma ba rago ba ne. Wawa ana iya koya masa." (Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.)

Baba Saja ya daɗe yana kallon hannun. Ya ce, "Damina ɗaya a gonata ta Dabai, daga shuka har girbi. Kuma kowace yamma ka zo ka gaya mini abin da ka ɓata a ranar, da bakinka."

Na yi. Kuma kusan kullum akwai abin faɗa. Bayan an kai dawa rumbu aka ɗaura mana aure. Yanzu 'ya'yanmu biyu, ina da ɗan lambuna a bayan gida, lulluɓe da ciyawa kamar juji, kuma ba wanda ya isa ya taɓa mini ita. A dangin matata dai har gobe sunana Malam Mai Leda, yaran da ba a haifa ba a lokacin ma haka suke kirana.

Abin da na koya shi ne, in ka shiga gidan tsoho ka ga ya bar shara a wuri, tambayi dalili kafin ka nemi tsintsiya. In kuma ka riga ka share, faɗi da bakinka tun likita bai gyara masa ido ba.