Ɓerayen da Na Ce Ba Su da Garkuwa

Ba zan taɓa mantawa ba da makon da na kusa sauya tarihin kimiyya da ɓeraye shida.

Ina digiri na biyu a lokacin, aikina kuwa bin yadda ƙwayoyin B, masu haɗa garkuwar jiki, suke girma a ɓargon ɓera. Za ka wanko ƙwayoyin daga ƙashi, ka zuba musu wani rini da ke manne wa irin waɗanda kake nema kaɗai, sai na'ura ta tura su ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza tana ƙirga masu ƙyalli. Ranar Talata na saka nawa, allo ya fito fayau. Ko ɗaya babu. Mai hankali zai ce an yi kuskure. Ni cewa na yi na gano ɓerayen da ba su da ƙwayoyin B kwata-kwata (har na fara lalubo wa cutar suna, kuma ya so ya yi kama da nawa).

Na kira Baffa, mahaifina, a Gwiwa, na yi masa bayani dalla-dalla.

"Wato kamar shanu ta ƙofar shinge," in ji shi. "To yaya kake gane naka?"

"Shaida nake yi musu, Baffa, da rini."

"Ka tabbata ka yi musu shaidar?"

Na yi dariya irin ta masu boko, na ce ai wannan ba kiwo ba ne.

Ranar Alhamis Farfesa, mai duba aikinmu, za ta zaɓi mutum ɗaya da zai gabatar da aikinsa a taron masana. Na miƙe cikin sabuwar shadda, na yi minti ashirin ina nuna farin allo. Ina cikin kalmar "juyin juya hali" sai Malam Sabo, dattijon da ke kula da na'urar, ya yi gyaran murya.

"Ranki ya daɗe, a gafarce ni. Wannan na gani a firji da sunansa."

Ya ajiye kwalbar rinin a tebur. Ko murfinta ba a ɓalle ba.

Farfesa ta cire tabarau ta goge, ta ce na gaba ya taso. Shi aka zaɓa.

Tun daga ranar, in Baffa ya yi tambaya, firji nake fara dubawa kafin in yi dariya. Ɓerayen shida kuwa, ashe lafiyarsu ƙalau kafin su haɗu da ni.