Alayyafo da Man Mama Saratu

Ranar da Mama Saratu, mahaifiyar Bulus abokin zamana, ta zo mana daga Karshi, na ce kowa ya zauna, yau kicin nawa ne. Na kalli bidiyon girki a waya, na riga na yanke hukunci cewa manja tsohon yayi ne. A kan firij kuwa ga 'yar kwalbar man zaitun, kamar ni take jira.

Na juye ta kaf a kasko, na soya albasa da attaruhu, na zuba alayyafo da karas. Ban taɓa ganin ganye ya yi kore haka ba, sai sheƙi yake. Mama ta ci, ta suɗe yatsa, ta ce, "Ɗana, hannunka akwai albarka."

Ina cikin fasa kai sai ta ce, "Bulus, kawo man da na ajiye kan firij. Fasto ya yi addu'a a kai, zan shafa maka kafin ka tafi intabiyun neman aikin nan."

Ni na miƙo kwalbar, ko ɗigo babu. Mama ta dubi kwalbar, ta dubi kwanon da ta suɗe. Can ta ce a hankali, "Ashe shi ya sa." Ta dangwali maiƙon kaskon ta shafa wa Bulus, ya fita goshinsa na ƙamshin albasa.

Ya kuma sami aikin. Har yau duk mai neman aiki a gidan hayarmu na Utako sai ya ƙwanƙwasa min ƙofa ya ce, "Shafaffe, yau ba a yi alayyafo ba?"