Roƙon Mai Shuɗɗan Agwagi ga Kamfanin Takarda

Zuwa ga Mai Girma Manajan kamfanin takarda da ke bayan katangata, uban injina, mai juya itace ya zama littafi.

Bayan gaisuwa da fatan injinanku na cikin ƙoshin lafiya, na ji labarin cewa yanzu tace ruwanku kuke yi kuna sake amfani da shi, kun daina sako mana shi cikin rafi. Ranka ya daɗe, wa kuka shawarta?

Na ɗaya: shekara tara warin rafin nan yana tsare mini gida. Baƙo bai taɓa zama ya ga an sauke tukunya ba. Jiya ƙanen matata ya ci, ya ƙara, ya nemi tabarma.

Na biyu: kwaɗi sun dawo. A da kun kawar mana da su ba tare da mun roƙa ba, har da kifayen. Wane laifi muka yi aka janye wannan alheri?

Na uku, kuma shi ne ciwon: agwagina huɗu. Farare na saye su, ruwanku ya mayar da su shuɗɗa. Surukina, wanda tun da na auri 'yarsa yake kirana "wannan yaron" ga ni da furfura, ya gan su ya tambayi asalinsu. Bakina ya riga hankalina, na ce irin ƙasar waje ne. Daga ranar ya fara ce mini Malam. Ya karɓi ƙwai ya sa wa kazarsa, suka fito farare, na ce sai sun balaga.

To, yanzu nawa sun soma koɗewa. Babbar ta koma kamar tsohon wandon makaranta. Na gwada jiƙa musu bular wanki, suka shanye. Ga shi ƙarshen wata surukin nawa zai kawo abokansa shida kallo, ɗaya ma likitan dabbobi ne mai ritaya.

Ba na cewa ku sake ɓata rafin, na san mutane sun soma wanki a ciki suna ta murnar banza. Bokiti ɗaya kawai nake roƙo duk mako, daga wancan tsohon ruwan. Na tabbata kamfani mai daraja irin naku bai rasa inda ya ɓoye saura ba. In kuwa da gaske ya ƙare, ku aiko injiniyan da ya kawo wannan dabara ya tsaya gaban surukina ya yi bayani da bakinsa. Kujerar da ke kusa da sandar tsohon na tanadar masa.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Malam, zuwa ƙarshen wata.