Laccar da Na Yi a Gaban Dutsen da Ba Zuma Ba

Abubuwa da yawa na shekarar hidimar ƙasata a Abuja sun gushe mini, amma ranar da na kai baƙi kallon Dutsen Zuma ba na jin zan taɓa mantawa da ita.

Nazarin yawon buɗe ido na karanta a jami'a, aka kuma tura ni wani ofishin gwamnati mai kula da baƙi. Ofis ne mai daɗin zama. Fanka ɗaya muke rabawa, da rana a aika a sayo masa da miya, a ci ana musu. Shugaban sashenmu, Oga Bitrus, mutumin Filato ne mai son tsokana, kuma tun ranar da ya ji abin da na karanta ya samu abin yi. Kullum sai ya tambaye ni ko da gaske sai da na rubuta jarrabawa kafin a ba ni digiri a kan yawo. Shi a ganinsa wannan ba fannin ilimi ba ne, kowa ma ya iya yawo, har akuyar gidansu.

Ni kuwa ba na barin ta kwana. In tashi tsaye in yi ta zuba: akwai tarihi a ciki, akwai tattalin arziki, akwai sanin halayyar ɗan Adam, muna da littattafai da furofesoshi kamar kowa. (Lokacin ina da ƙuruciya, ina ganin duk musun da na yi shiru a kansa mutuncin sashenmu ne ya zube.)

Sai ga wasu malaman makaranta daga Nijar sun zo taro, suka ce suna son ganin Zuma kafin su koma. Oga Bitrus ya dube ni, ya kira ni da sunan da ake kiran 'yan hidimar ƙasa, ya ce, "To Kofa, ga ranarka. Ka nuna mana wannan ilimi naka."

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne ban taɓa ganin dutsen da idona ba. Ni ɗan Azare ne, ta hanyar Jos na shigo Abuja, kuma tunda na zo ban wuce tsakanin masaukina da ofis ba. Amma na rubuta aikin gida a kansa har na ci maki mai kyau, don haka ban ga abin damuwa ba. Na goge kakina, na haddace bayanina.

Muka ɗau hanyar Kubwa a bas, ni a gaba, Oga a can baya. Ba mu kai Dei-Dei ba na hango wani ƙaton dutse a gefen hanya, baƙi, ya tokare sama. Cikin murna na ce wa direba ya tsaya. Ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu irin na manya. (Wannan hannun, har yau in na tuna shi sai na runtse ido.)

Kowa ya sauko. Na juya wa dutsen baya, na gyara murya, na fara. Na ba su labarin yadda 'yan ƙabilar Gbagyi suka riƙa fakewa a wurin lokacin yaƙe-yaƙe, da yadda ake ce masa ƙofar shiga Abuja. Na kawo maganar alfanun wuraren tarihi ga arzikin ƙasa, ina satar kallon Oga don ya san da shi nake. Shi kuwa ya harɗe hannu yana gyaɗa kai, fuskar nan ba ko murmushi.

Daga nan na zo kan shahararriyar fuskar mutum da ke jikin dutsen. Na waiwaya, ban ga fuska ba. Amma na riga na yi nisa, sai na nuna wasu tsage-tsage na ce ga idanu, ga hanci. Baƙi suka yi ta ƙanƙance ido. Wani dattijo cikinsu, Malam Isufu, mutumin kirki, ya ce lallai shi ya fara ganin hancin. Aka yi hotuna, Oga da kansa ya karɓi waya ya ɗauke mu.

Da muka koma mota na ce a juya gida. Oga ya ce a'a, a ɗan ƙara gaba, akwai mai gasa masara da yake so baƙi su ɗanɗana. Muka wuce Dei-Dei da tirelolinta na shanu da siminti, muka wuce Zuba. Ina cikin amsa yabo hirar motar ta ɗauke ɗif. Na ɗago kai.

Ga shi nan ya cika gilashin gaba, shi kaɗai a fili, ya ninka dutsena ban san sau nawa ba. Ga fuskar kuma ɓaro-ɓaro, ba sai an nuna wa kowa ba. Wallahi ji na yi kamar ni take kallo.

Malam Isufu ya yi gyaran murya ya tambaya a hankali, "Ɗana, wannan kuma wane ne?"

Oga ya amsa daga baya, "Wannan ne Zuma, Malam. Wancan na farko ƙaninsa ne, bai gama makaranta ba."

Motar ta kaure da dariya, har direba sai da ya gangara gefen titi. Ni dai na kafa wa takalmina ido.

Na ɗauka kashina ya bushe a ofis. Amma a hanyar dawowa Oga ya miƙo mini masara ya ce ya janye rabin maganarsa. Wai duk wanda zai tsayar da malamai a rana su ga hanci inda babu hanci, lallai an koya masa wani abu. Daga ranar sunana ya koma Furofesan Zuma, har na gama hidima. Oga ya yi ritaya ya koma Jos, kuma ina kewar musun nan fiye da yadda na zata.

Har gobe ina kan bakana cewa yawon buɗe ido ilimi ne. Sai dai na gane wanda ya karance shi ma yana bukatar ya ɗan taɓa yawon, ya kuma buɗe idon, kafin ya ɗaga wa direba hannu.