Shuɗin Layin Tsakar Gidanmu

Ba zan taɓa mantawa da safiyar ɗaurin auren 'yata Sadiya ba. Ko na so in manta ma, mutanen unguwarmu a Suleja ba za su bar ni ba.

Ni mutum ne da aiki ya yawata da shi. Na zauna a Yamai, na daɗe a Jidda, na leƙa Maroko da Turkiyya. Ina jin Larabci da Faransanci, da ɗan Turkancin sayen shayi. Illar wannan yawo ita ce, duk abin da na gani sai in ce, "A can ba haka ake yi ba." Abin da na fi damun mutane da shi kuwa bututun ruwa ne. Nakan ce a wasu ƙasashe za ka tarar da gida da zanen inda bututunsa ya bi, mu kuwa sai mu binne mu shafe da siminti, ranar da ya fashe a farfasa rabin gida ana nema. (Ni kaina ban taɓa tambayar ina namu ya bi ba. Ina Jidda aka gama ginin, maiɗakina Hajiya Rabi ce ta tsaya a kansa.)

An daɓe tsakar gidanmu da fasassun tayil farare, sai wani shuɗin layi da ya taso daga gindin tanki ya ratsa tsakiya, ya rabu biyu, ɗaya ya nufi kicin, ɗaya banɗaki. Kusa da tankin akwai jan tayil guda. Da na dawo na gani, sai na yanke hukunci cewa ado ne. Duk baƙon da ya zo sai in nuna masa, in ce irin na gidajen Maroko ne.

To, ranar biki hadari ya haɗo, iska ta fara ɗaga rumfar da aka kafa a tsakar gida. Wuta ta daɗe ba ta zo ba balle a ja ruwa, don haka ruwan da ke cikin tankin nan shi ne na girki, shi ne na alwalar baƙi. Dangin ango sun riga sun iso daga Madalla tare da wakilinsu Malam Isiyaku, mutum mai barkwanci, har na gama yi masa bayanin Maroko.

Masu rumfa suka ce a ɗaure igiyar a jikin bulo. Na ce a'a, a Saudiyya turke ake kafa wa tanti. Na naɗe hannun babbar rigata, na ɗauki rodi da guduma, na zaɓi daidai kan shuɗin layin, wai don igiya ta dace da ado.

Ban yi duka da yawa ba sai ruwa ya yi tsiri ya doki fuskata, hula ta yi gefe. Sabuwar shaddata ta manne mini a jiki. Sai na ji muryar Malam Isiyaku:

"Alhaji, wannan ma irin na Maroko ne?"

Aka fashe da dariya. Ni kuwa ina ta zagaya tanki ina neman inda ake rufe ruwan, ina ba da umarni cikin harsunan da babu mai ji, ruwan biki yana malala ƙarƙashin tabarmi.

Sai Hajiya ta fito, hannu duk lalle, ba ta ko yi sauri ba. Ta durƙusa wajen jan tayil ɗin, ta sa gindin cokali ta ɗaga shi. Ashe murfi ne. Ta murɗa abin da ke ciki, ruwa ya tsaya.

"Baban Sadiya," ta ce a hankali, "layin nan ai bututu ne. Kafin a daɓe na sa mai tayil ya bi kansa da shuɗi, don ranar gyara."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na faɗa maka a waya. Ka ce 'to, to', ka ci gaba da ba ni labarin yadda Larabawa ke yi."

"Amma kina ji ina ce wa mutane Maroko!"

"Na ga labarin yana maka daɗi."

Mai gyaran famfo ya zo, ya bi layin, ya ɗaga tayil kaɗan, ya yanke inda na huda ya haɗa. Ruwan da ya rage ya ishi girki, ya ishi alwala. Malam Isiyaku ya ɗauki hoton tsakar gidan a wayarsa, ya ce sai an yi masa irinsa. Ni kuma na tsaya ina kallon matar nan. Zanen takarda da nake yabo yana iya ɓata, gara ma tana iya cinye shi. Ita ta zana nata a ƙasan da muke takawa kullum, inda duk mai ido zai gani, in dai bai cika surutu ba.

Inda na huda, ta sa an liƙa tayil ruwan ɗorawa, wai alamar wurin da aka yi gyara. Jikokina suna kiransa Marokon Kaka. Har yanzu ina nuna wa baƙi layin, amma nakan ce irin na Suleja ne. Kuma ko ƙusa zan buga a gidan nan, sai na fara leƙa ɗaki na ce, "Hajiya, nan akwai wani abu?"