Kawunan Kebul Ashirin da Huɗu

"Lafiya lau, Tsoho. Ya ƙafa? Ko ita ma ta yi ritaya ta bar ka?"

"Ƙafata ƙalau. Ke ce dai na jiyo hakinki tun daga hawa na biyu, kamar an koro ki."

Ɗakin saba ne a hawa na uku na wani kamfani, ranar Asabar da rana tsaka, ma'aikata duk suna gida. Ɗan ɗaki ne marar taga, sanyin esi har cikin ƙashi. A tsakiya ga kabad ɗin ƙarfe ya fi mutum tsawo, a cikinsa aka ɗaure sabuwar sabar, wato babbar kwamfutar da duk ofisoshin ginin za su dogara da ita. Injiniya ce ta karɓi aikin. Jiya ta gama haɗa kawunan kebul na can cikin ofisoshi, na nan ɗakin kuma, guda ashirin da huɗu, ta bar wa kakanta, mahaifin uwarta, wanda ya shekara arba'in yana jan waya. Shi ya koya mata riƙon filaya tun tana firamare. Ƙarfe biyu manaja zai zo a kunna a gabansa.

To ga abin da ba wanda ya sani: idon Tsoho ya tafi. Shekara guda ke nan da likita ya ce masa ba gyara. Cikin kowane kebul akwai ƙananan wayoyi takwas a murɗe bibbiyu, ruwan lemo, kore, shuɗi da ruwan ƙasa, kowacce da gurbinta a cikin kan roba. Shi kuwa yanzu fari da duhu kaɗai yake rabewa. Da yatsa yake aikin, don kowane launi da irin murɗinsa, wani a matse, wani sako-sako, da ya shafa ya gane. Ya san ranar da asiri ya tonu, ranar 'yarsa za ta zaunar da shi a gida, kuma wallahi ya fi tsoron wannan zaman a kan ciwon kansa.

"Ka gama, ko gyangyaɗi ka yi?"

"Tun kina fama da kwalli na gama. Mace ta bar mijinta cikin wannan sanyi ko ruwan zafi babu! Na sake ki, saki ɗaya."

"Alhamdu lillahi. Dama wa zai zauna da mijin da haƙoransa ba su kai wayoyin cikin kebul yawa ba?"

"Saura bakwai, kuma duk masu aiki ne. Ke takardar digirinki ma a bakin titi aka buga miki."

"Kai da rubuta sunanka ma sai an riƙe maka hannu?"

"Ni na ja wayar ginin nan tun uwarki tana rarrafe."

"Ginin da aka gina bara waccan? Tsoho, ka ji tsoron Allah!"

Ta ajiye jaka tana dariya, ta ciro na'urar gwaji, 'yar aba mai fitilu takwas. In kai ya haɗu daidai, fitilun kan kama ɗaya bayan ɗaya a jere. Ta soka kebul na farko. Tsoho yana kan kujerar roba, ya harɗe hannuwa, yana jiran ta ce ya yi. Bai ji komai ba. Ya ji ta zare, ta soka na biyu, ta soka na uku.

"Me ya faru, bakin ya mutu? Ko aikin ya fi ƙarfin karatunki?"

"Fitilun tsalle suke yi."

"Batirin ne. Rowa ta hana ki sayen sabo."

"Da safen nan na sa shi."

"To na can ofis ne kika cakuɗe. Dama na faɗa, aikin amare sai an bi baya."

Ya ji takunta zuwa ƙarƙashin fitila, ya san ɗaga kan robar take yi tana leƙen jerin wayoyin. Ta daɗe a wurin.

"Kore yana gurbin shuɗi, shuɗi yana gurbin kore. Duk ashirin da huɗun, kuskure iri ɗaya. Kai da ko ɗaya ba ka taɓa ɓatawa ba."

Ya laluba ƙasa ya ɗauko guntun kebul, ya murza a yatsa. Sai yanzu ya lura robar ta fi tasu santsi, ashe murɗin wayoyin ma ba irin wanda yatsansa ya saba ba ne.

"Wannan ba irin namu na kullum ba ne?"

"Kamfani ne suka sayo nasu. Amma ina ruwan iri da launi? Kore ai kore ne a ko'ina."

Ta faɗa, sai kuma ya ji ta juyo gare shi. Yarinyar nan tun tana ƙarama ba a yi mata bayani sau biyu, halin da yake alfahari da shi a gaban mutane, yau kuwa ya ji dama daƙiƙiya ce. Ta feɗe wani guntu, ta ware waya ɗaya, ta tsaya a gabansa.

"Tsoho, wane launi ne wannan?"

"Launin rashin kunya."

"Wane launi ne?"

"Ke, ni za ki yi wa jarrabawa? Kawo nan."

Ya miƙa hannu. Ta janye.

"Ban ce ka taɓa ba. Cewa na yi ka duba."

Ya duba. Allah ya sani ya duba, har idon ya kawo ruwa. Wani siririn duhu kawai yake gani a gaban wani babban duhu mai muryar jikarsa. Esi yana ta hura sanyinsa. Ya sauke hannun a kan gwiwa.

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Likita fa?"

"Ya ce jijiyar ce. Ba ta dawowa."

"Shekara guda! Duk aikin da muka yi tare, asibitin nan, makarantar nan, da yatsa ka yi?"

"Kuma ko ɗaya bai dawo ba. Ke da idonki biyu sau nawa kika sake naki?"

Ya ji ta juya masa baya tana jan hanci, sai tausayinta ya kama shi fiye da na kansa.

"Kuka kike yi don na sake ki? Kwantar da hankalinki, na mayar da ke."

"Allah ya kiyaye. Sanyin esi ne. Matsa min, tsohon banza, ɗaya saura kwata."

Ta jawo kwalin kebul ta zauna a gefensa. Ta datse kan farko, ta jera wayoyi takwas ɗin a tsakanin yatsunta, ta zura su cikin sabon kai, sannan ta ɗora masa a tafin hannu.

"Matse. Ni hannuna ba ya jure filayarka."

Ƙarya take yi, ya san ta fi shi ƙarfin hannu yanzu. Amma ya karɓa ya matse, filaya ta ce ƙas.

"Haka ake yi. Ki koya tun ina raye."

"Kai da za ka binne mu duka? Ungo na biyu."

"A hankali, kada ki ba ni a karkace irin tafiyarki."

"Tafiyar gado ce, wurinka Umma ta kwaso."

Haka suka yi ta yi, tana jerawa yana matsewa, tana sokawa a gwaji tana cewa ya yi. A na goma sha bakwai hannunsa ya gaji, ta rage sauri. Biyu saura minti biyar ta soka na ƙarshe a bayan sabar, ta ɗaure kebul ɗin dami-dami a jikin kabad yadda ya koya mata. Manaja ya zo, aka kunna, fankokin sabar suka ɗauki gurnani. Ya zagaya ofisoshi ya dawo yana murna, ya kama hannun Tsoho ya ce akwai wani reshe da za a yi wa irin wannan wata mai zuwa, lallai shi yake so.

"Injiniya za ta zo," in ji Tsoho. "Ni na gaji da hawa bene."

Da manaja ya fita, ya tsaya yana mayar da kaya cikin akwati ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya shafa shi tukuna.

"Kada ki gaya wa uwarki."

"Ba zan gaya mata ba. Kai za ka gaya mata, yau, ina zaune."

"Muguwar mata. Da na sani ƙanwarki na aura."

"Ita da ko gaisuwarka ba ta amsawa?"

Suka sauko a hankali, tana gaba da akwatin, yana dafe da ƙarfen bene. A bakin ƙofa babur ɗinsa yana jingine a inuwa. Ta tsaya cak, ta dubi babur ɗin, ta dube shi.

"Tsoho. Da wannan ka zo? A kan titin nan?"

"Ya san hanya. Ya fi ki hankali."

Ta buɗe tafin hannunta a gabansa. Sai ya yi dariya, irin wadda ba ta da ƙarfi, ya laluba aljihu ya ciro makullin ya ɗora mata.

"Kin ci, ja'ira. Ungo, na bar miki shi duka. Sai dai ki bi da ni ta doguwar hanya, ban shirya ganin uwarki ba tukuna."